Fostar da Ba Mai Yagewa

Taibat na sauka daga keke napep a Titin Bauchi ta hango wata tsohuwa tsaye gaban wata katanga, hannu biyu a ƙirji, tana kallon fostar da su Taibat suka manna jiya da sassafe. Daɗi ya kama ta. Wata uku ke nan suna manna fosta a garin Jos, sai yau ta ga ɗan Adam ya tsaya ya kalli ɗaya daga ciki. Ta matsa kusa don ta ji abin da za a ce.

"Yaro ƙarami," in ji tsohuwar tana girgiza kai. "Da gani ko aure bai yi ba. Allah ya ba iyayensa haƙuri."

"Mama, ai waƙa ce za a yi. Gobe Asabar, ƙarfe huɗu."

"Na gani, 'yata, ga shi nan an rubuta. In Allah ya yarda zan je. Hatsari ne ko ciwo?"

Taibat ta buɗe baki za ta yi bayani. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta, ta ce ta yi haƙuri, ta wuce da kwandonta. Sai a lokacin Taibat ta ɗaga kai ta kalli fostar da idon wanda bai san komai ba. Ga Chuwang cikin farar riga yana kallon sama. Ga gajimare kewaye da shi, ga farar tantabara a gefe, ga kyandir biyu a ƙasa. A saman kansa an rubuta da manyan haruffa masu ruwan zinariya: NA ISA GIDA. Ƙasa kaɗan kuma: Yammacin Waƙoƙi. Sunan ƙungiyar kiɗan, 'Yan Kuza, yana nan, ba a ce babu shi ba, amma sai mai ido lafiyayye ya durƙusa zai gan shi.

'Yan Kuza mutum uku ne: Chuwang mai waƙa da jita, Babajide mai ganga, da wani mai fiyano da bai cika magana ba. Taibat ta fara jin su ne shekara uku da suka wuce a bikin wata ƙawarta, daidai lokacin da ake rabon shinkafa, wato lokacin da ko mala'ika ne ya hau dandali ba wanda zai waiwaya. Ita kaɗai ta ajiye cokali. Chuwang na rera wata waƙa a kan kiran da kowane ɗan Jos yake yi wa uwarsa in gari ya rikice, ya ce mata na isa gida, ki kwantar da hankalinki. Taibat ta yi kuka a bikin mutane, ta ce hayaƙi ne. Washegari ta buɗe gurup na masoya 'Yan Kuza a waya, ta naɗa kanta shugaba, ta naɗa ƙawarta Nkoli sakatariya. Yanzu su goma sha huɗu ne, suna da dokoki a rubuce, suna taro duk Lahadi. In gaskiya za a faɗa, ƙungiyar masoyan ta fi ƙungiyar kiɗan tsari nesa ba kusa ba.

Wasan gobe kuwa ba irin sauran ba ne. Chuwang ya cika shekara talatin da ɗaya, mahaifiyarsa Mama Ana ta gaji. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa zuwa wasansa ko sau ɗaya ba, tana cewa ba za ta je ta kalli digirin da ta sha wahala a kansa yana tsalle a kan dandali ba. Ƙaninta na da rumfar katako a kasuwar Katako, ya daɗe yana neman wanda zai riƙe masa. Sai suka yi yarjejeniya a gaban dangi: ɗakin taron da aka kama a Daɗin Kowa kujera ɗari biyu yake ɗauka. In ya cika ranar Asabar, za ta ƙyale Chuwang ya ƙara shekara ɗaya yana kiɗansa. In bai cika ba, ranar Litinin zai rataye jita ya tafi Katako. Taibat ta bugi ƙirji ta ce cika ɗaki aikinta ne.

Sai dai bangon Jos ba shi da amana. Su manna fosta da safe, kafin la'asar wani mai wa'azin tarurruka ya rufe ta da tasa. Washegari ɗan siyasa ya rufe mai wa'azi da taya kansa murnar ranar haihuwa, jibi mai maganin gyambon ciki ya rufe ɗan siyasa. Fuskar Chuwang ba ta taɓa kwana biyu a fili ba. Ranar Talata Taibat ta kai kukanta wurin Oga Fabian, mai shagon buga takardu da yake musu aiki, mutumin da Hausarsa ba ta san mace ba.

"Madam, matsala naka, kana buga fosta na mai rai," in ji shi. "Shekara sha biyar ina wannan aiki. Ɗan siyasa zai rufe fasto, fasto zai rufe mai magani. Amma ka taɓa gani wani ya sa gam a fuskan mamaci? Babu. Fosta na mamaci zai zauna har ruwan sama ya cire shi."

"Oga Fabian, Chuwang fa lafiyarsa ƙalau."

"Wa ya ce za mu rubuta ya mutu? Sitayil ne kawai. Gajimare, tantabara, kyandir. Duka yana cikin kwamfuta, ko minti biyar ba zai ɗauka ba."

Zai yi kyau a ce Taibat ta yi jayayya, amma ba ta yi ba. Tafi ma ta yi, ta ce ya buga ɗari biyar. Ba ta nuna wa Chuwang ba don tana so ta ba shi mamaki, kuma wannan kam ta cika alkawari.

Tana tsaye gaban katangar wayarta ta yi ƙara. Nkoli ce, muryarta har rawa take don murna.

"Shugaba, kunna rediyo yanzu-yanzu. Sun sa waƙarmu. Sau uku tun safe."

"Me suka ce?"

"Wai Filato ta yi babban rashi. Ban gane wannan ba, amma dai sun sa."

Ba ta gama kashe wayar ba kiran Chuwang ya shigo. Bai gaishe ta ba. A hankali ya ce, "Shugaba, ki zo gidanmu," ya ajiye. Ta leƙa kemis ɗin da take aiki, ta ce wa oganta an yi rasuwa, sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta tsayar da keke ta shiga da sauri.

A ƙofar gidan su Chuwang a Daɗin Kowa har an jera kujerun roba. Wa ya kawo, ba wanda ya sani, irin kujerun nan da kansu suke zuwa. Matan zumunta na coci sun zo cikin zanensu iri ɗaya, suna zaune sun rasa abin yi, domin sun zo kuka sun tarar babu dalili. A falo Chuwang na zaune a kujerar tsakiya kamar ango, duk wanda ya shigo da fuskar ta'aziyya sai ya yi turus a bakin ƙofa. Wani tsohon malaminsu da ya shirya jawabi tun daga gida ya ga ba zai yi asararsa ba, ya tsaya ya karanta wa Chuwang a gabansa cewa marigayin yaro ne mai ladabi da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kawun nan na Katako kuwa yana gefe yana fifita da hula, ransa a ɓace.

"Har katakon akwatin gawa na ware," yake gaya wa na kusa da shi. "Mahogani mai kyau, wanda na hana wani Alhaji makon jiya. Kafinta ya riga ya yanka."

Chuwang ya nuna wa Taibat ƙofar ɗaki da haɓa. Ta cire takalmi ta shiga.

Mama Ana na zaune a bakin gado, ɗankwalinta a cinya. Taibat ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, sannu. Laifina ne, ni na sa aka buga. Chuwang bai sani ba."

"Na san bai sani ba. Ba shi da wannan dabarar." Ba ta ɗaga murya ba. "Kin san inda na gani? A bakin kasuwa, ina zaɓen tumatur. Mai tumatur ce ta kama hannuna ta ce Mama ba ɗanki ba ne wancan? Jiya a wurin Babajide ya kwana, suna gwaji. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Daga kasuwa zuwa gidan Babajide minti ashirin ne a keke, Taibat. Minti ashirin ina uwar mamaci."

Taibat ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

"Ki je ki cire su. Duka. Da hannunki."

Ta fita da niyyar gaskiya. A mahaɗar farko ta sa farce ta fara ɓare fostar da ke jikin falwaya, ba ta kai rabi ba direbobin keke uku suka taso mata.

"Hajiya, ba ki tsoron Allah? Mutum ya mutu ma ba za ki bar shi ya huta ba?"

"Bai mutu ba. Yanzu na baro shi yana cin doya."

"Ka ji irin su ko?" in ji ɗayan ga ɗan'uwansa. "Tsohuwar budurwa ce. Ya ƙi ta, shi ne take huce haushi a kan hoto."

Wata mai gasa masara ta sa baki, ta ce ita ta san marigayin sosai, kullum a wurinta yake sayen masara, kuma ranar Litinin ma ta ga alamar ciwo a idonsa. Taibat ta bar wurin kafin a tara mata jama'a. Daga nan har la'asar fosta bakwai ta iya cirewa cikin ɗari biyar, biyu daga ciki a guje. Oga Fabian bai yi ƙarya ba, aikinsa ya kafu.

Ta zauna a kan wani benci ta kira gidan rediyon. Wata shida tana kai musu waƙar nan, tana zaman jira a ƙofa, mai gabatar da shirin bai taɓa riƙe sunanta ba. Yau bugu ɗaya ya ɗauka.

"Madam, sannu da haƙuri. Wallahi yaron nan ƙanina ne, ni na fara gano shi. Gobe zan zo da kaina in yi magana."

"Yana da rai, oga. Kuskuren fosta ne. Don Allah ku sanar, kuma ku ci gaba da sa waƙar."

Mai gabatarwar ya gyara murya.

"Yana da rai?"

"Ƙalau."

"To madam, ai kin san tsari. Masu rai layi suke bi. Ki kawo takarda ranar Litinin."

Sanarwar ba a yi ta ba, waƙar ma aka daina sawa. Taibat ta rubuta gyara a waya, ta ce Chuwang na nan da ransa, wasa ne kawai, ta tura gurup ɗinsu na mutum goma sha huɗu waɗanda dama sun sani. Mutum biyu suka tura gaba. Hoton fostar kuwa ya riga ya zagaya har Bukuru da Abuja, kowa na ɗora masa kyandir da hawaye. Akwai wasu manyan gurup guda uku da take ciki, na 'yan makarantarsu da na unguwa da na 'yan kemis, inda gyaran zai isa ga ɗaruruwan mutane. Ta buɗe na farko, ta ɗora yatsa, sai kujeru ɗari biyu suka faɗo mata a rai. Ta ce bari ta yi sallah tukuna. Ta yi sallah, ta ce bari ta ci abinci. Ba ta tura ba, kuma ta san sarai abin da ya hana ta.

Ranar Asabar tun ƙarfe uku da rabi ɗakin taron ya cika. Ƙarfe huɗu ana tsaye a jikin bango, wasu na leƙe ta taga. Taibat ba ta taɓa ganin baƙaƙen kaya da yawa haka a wuri ɗaya ba. Ga 'yan ajinsu Chuwang na sakandare sun buga riga mai hotonsa a cikin kwana ɗaya, mutanen da shekara uku tana tura musu gayyata ba su taɓa amsawa ba. Ga wasu mawaƙan gari da suka sha hana 'Yan Kuza hawa dandali, kowanne ya sa baƙin gilashi yana neman inda kyamara take. Ga wasu kuma da ba su san kowa ba, sun dai ji za a yi rabon abinci. Nkoli na bakin ƙofa da tikiti a hannu, ba wanda ya saya, kowa sai ya riƙe hannunta ya ce sannu da haƙuri ya wuce. Mama Ana ta shigo ita kaɗai cikin atamfa mai ruwan ɗorawa, ta zauna a layin gaba, ta juya ta ƙare wa ɗakin kallo daga bango zuwa bango.

A bayan labule Chuwang na riƙe da jita, gumi na zubo masa.

"Shugaba, me zan ce musu?"

"Gaskiya," in ji Taibat, wadda ba ta da bakin faɗin haka.

Ya fita. Wata mata a layi na uku ta kira sunan Yesu, wani a baya ya yi salati, sannan ɗakin ya yi tsit.

"Jama'a, sannunku da zuwa," in ji Chuwang. "Ni ne. Ban mutu ba, ban ma yi ciwo ba. Fosta ce aka yi kuskure. Amma tun da kun zo, muna da waƙoƙi goma sha biyu, ku zauna ku ji."

Aka yi tafi, a gaskiya an yi. Wasu suka hau suka rungume shi, suka taɓa fuskarsa, suka ɗauki hoto da shi. Masu baƙin gilashi su suka fara sulalewa. Sai 'yan riga mai hoto suka tuna akwai ƙwallo ƙarfe biyar. Masu jiran abinci suka tambayi Nkoli, ta ce babu, suka fita suna cewa wannan yaudara ce. Taibat ta tsaya a ƙofa tana roƙo, tana cewa ko waƙa ɗaya, yanzu za a fara. Wani mutum mai tumbi da ya zo da matarsa ya tsaya ya amsa mata da mutunci.

"Madam, mun gode wa Allah da abin ya zo haka. Tun da yana da rai, ai ma ji shi wani lokaci."

Cikin minti goma sha biyar ɗakin ya koma yadda ta saba ganinsa. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa ko za su ƙaru: mutum ashirin da ɗaya, goma sha huɗu daga ciki nata ne. Chuwang na tsaye a kan dandali yana kallon kujerun da aka bari a karkace. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ya cire igiyar jitar daga wuyansa a hankali, ya sauko ya tsaya gaban mahaifiyarsa.

"Mama, kin gani da idonki. Litinin zan je wurin Kawu."

Taibat ta matso, tana shirin cewa ai ɗakin ya cika kafin ya watse, amma ta kasa. Ta san da me ya cika, kuma ta san Mama Ana ce ta biya kuɗinsa da minti ashirin ɗin nan a cikin keke.

Mama Ana ta gyara zama.

"Me muka ce a gaban kawunka?"

"In ɗaki ya cika."

"Ya cika ko bai cika ba?"

"Mama, gawa suka zo gani."

"Ban tambaye ka abin da suka zo gani ba. Shekara talatin ina koyarwa, na iya ƙirga kujera. Ya cika." Ta kalli hannuwanta. "Jiya a cikin keken nan, ka san abin da nake ta tunani? Ba digiri ba, ba Katako ba. Cewa nake, za su tambaye ni wace waƙarsa na fi so, ni kuma ban san ko ɗaya ba."

Chuwang ya juya fuskarsa gefe. Babajide ya sunkuya yana gyara gangar da ba abin da ya same ta.

Mama Ana ta ce, "Ka hau ka fara. Sha biyu ka ce, sha biyu zan ji."

Ya hau. Taibat ta juya za ta koma can baya inda ta ga ya dace da ita, Mama Ana ta kama gefen mayafinta ta zaunar da ita a kujerar kusa da ita, idonta na kan dandali.

"Ke kuma, in za ki sake kashe mini shi, ki fara gaya mini."